Ina Almasihu Yake a Ranar Asabar? Fashin Baƙi Kan Saukarsa Wurin Matattu

Duk shekara idan bikin Ista ya ƙarato, akwai tambayar da takan dawo bakin mutane, a harabar coci bayan an tashi sujada, a ajin masu shirin baftisma, har ma a hirar Kirista da maƙwabcinsa Musulmi: idan Yesu Almasihu ya mutu ranar Jumma'a da la'asar, ya kuma tashi ranar Lahadi da asuba kamar yadda Kirista suka gaskata, to ina yake a tsakanin nan? Gawarsa dai tana cikin kabarin Yusufu mutumin Arimatiya, wannan babu gardama a kai tsakanin masu bi. Gardamar tana kan ransa ne. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, wadda ɗimbin Kirista suke karantawa a tsaye kowace Lahadi, ta amsa da jimla ɗaya gajeriya, cewa bayan an gicciye shi, ya mutu, an binne shi, sai ya sauka wurin matattu. Mutane da yawa suna furta jimlar da baki alhali zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba, domin sun ɗauka ana nufin Mai Ceto ya shiga wuta ya sha azaba. A ganina mafi yawan wannan ruɗani daga kalma ya taso, kuma mai jin Hausa ya fi mai jin Turanci damar gano bakin zaren.

Lahira daban, gidan wuta daban

Da Ibrananci aka rubuta kusan dukan Tsohon Alkawari, kuma kalmar da yake kiran mazaunin matattu da ita ita ce Sheol, wadda ta fito sau 65. Wuri ne na duhu da shiru inda kowa yake gangarawa, nagari da mugu, sarki da bawa. Lokacin da aka kawo wa Yakubu rigar ɗansa Yusufu jina-jina, cewa ya yi zai gangara can wurin ɗansa yana makoki, kuma Ayuba cikin tsananin ciwonsa roƙon Allah ya yi ya ɓoye shi a can har fushi ya wuce. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan bayin Allah wuta suke sa ran shiga. Da Yahudawan birnin Iskandariya ta Masar suka juya littattafan zuwa Girkanci, sai suka sa kalmar Hades a madadin Sheol, marubutan Sabon Alkawari kuma suka gaje ta a haka.

Wurin hukunci na ƙarshe yana da nasa sunan, wato Gehenna. Asalinsa Kwarin Hinnom ne da ke kudu da Urushalima, inda wasu sarakunan Yahuza irin su Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka, abin da annabi Irmiya ya yi tir da shi. Sunan kwarin ya zama laƙabin wutar hukunci, kuma tushensa ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu jahannama a Hausa. Babu aya ko ɗaya a Sabon Alkawari da ta ce Yesu ya shiga Gehenna.

To daga ina matsalar ta ɓullo? Shaidar Bangaskiya a harshen Latin ta ce ya sauka “inferna” ko “inferos”, ma'ana wuraren ƙarƙashi ko mazaunansu. Turawan Ingila suka fassara ta da “hell”, kalmar da a tsohon harshensu take nufin ɓoyayyen wurin matattu baki ɗaya. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci da ake kira King James, ta 1611, ta juya Sheol da wannan kalma sau 31, ta juya ta da kabari sau 31, da rami sau 3. Sannu a hankali ma'anar kalmar ta ƙuntata a bakin Turawa har ta zama gidan wuta kaɗai, amma jimlar ta ci gaba da zama yadda take a littattafan addu'a. Mu kuwa a Hausa idan aka ce wane ya tafi lahira, ko ya riga mu gidan gaskiya, ba wanda zai fahimci an yanke masa hukuncin wuta. An dai ce ya bar duniyar masu rai ya koma inda magabata suka koma. Gaskiya ne lahira ta fi Sheol faɗi, tun da ta ƙunshi hisabi da aljanna da wuta duka, amma a maganar yau da kullum ita ce ta fi kusa da abin da jimlar take nufi.

Akwai ƙarin abu ɗaya. A zamanin Yesu, Yahudawa da yawa sun riga sun fahimci mazaunin matattu a matsayin wuri mai ɓangare biyu. Misalin mai arziki da Li'azaru a Luka sura 16 ya nuna haka: matalaucin yana hutawa a ƙirjin Ibrahim, mai arzikin yana shan azaba, suna hango juna, amma da ƙaton rami a tsakani. Da wannan ne malamai da dama suke warware abin da ake gani kamar saɓani, wato alkawarin da Yesu ya yi wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi cewa a ranar nan za su kasance tare a Firdausi. A wurinsu Firdausi shi ne ɓangaren hutawa na salihai, don haka shiga can da sauka wurin matattu magana ɗaya ce.

Ayoyin da aka dogara da su

Babu ɗaya daga cikin Linjila huɗu da ta ba da labarin saukar kamar yadda ta ba da labarin gicciye. Daga ayoyi warwatse aka tattaro koyarwar. A wa'azinsa na ranar Fentikos, cikin Ayyukan Manzanni sura 2, Bitrus ya jawo Zabura 16 ya ce ba a yashe da Almasihu a Hades ba, jikinsa kuma bai ruɓe ba, kuma ba a cewa ba a bar mutum a wuri ba sai idan ya je wurin. Yesu da kansa a Matiyu 12:40 ya ce kamar yadda Yunusa ya yi kwana uku a cikin kifi, haka Ɗan Mutum zai yi a cikin zuciyar ƙasa. Bulus a Afisawa 4:9 ya yi maganar saukarsa zuwa ƙarƙashin ƙasa, ko da yake wasu masana suna ganin saukowarsa duniya ake nufi a nan. A Wahayi 1:18 kuma wanda ya tashi daga matattu ya ce mabuɗan mutuwa da na Hades suna hannunsa.

Inda gizo yake saƙa shi ne wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 18 zuwa 20, wadda ta ce an kashe Almasihu cikin jiki, an rayar da shi cikin ruhu, a cikinsa kuma ya je ya yi shela ga ruhohin da ke kurkuku, waɗanda suka yi rashin biyayya a zamanin Nuhu, lokacin da mutum 8 kaɗai suka tsira a jirgi. Su wane ne waɗannan ruhohi, kuma me aka shelanta musu? Wasu magabata sun ce rayukan mutanen da ruwan tufana ya ci ne, an kai musu bishara. Agustin, bishop na Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta wa abokinsa Ebodiyus wasiƙa wajajen 414 inda ya ce Almasihu ne cikin ruhu ya yi wa'azi ta bakin Nuhu ga mutanen wancan zamani suna da rai, ba bayan mutuwarsu ba. Masana da yawa na yanzu kuwa suna ganin mala'ikun da suka yi tawaye ne, waɗanda Littafin Anuhu ya ba da labarin ɗaure su, littafin da Ikkilisiyar Habasha take lissafa shi cikin littattafanta masu tsarki. A wannan fahimta shelar ta nasara ce a kan maƙiya, ba kiran tuba ba. Abin lura shi ne Agustin, duk da ya cire wannan aya daga batun, bai musanta saukar ba ko kaɗan. A cikin wasiƙar nan ma ya ce sai marar bangaskiya ne zai musa ta.

Yadda jimlar ta shiga Shaidar Bangaskiya

Masu son a cire jimlar suna da hujja ɗaya mai ƙarfi ta tarihi: ta makara wajen shiga. Babu ita a shaidar bangaskiyar da taron shugabannin ikkilisiya ya tsara a Nikiya a 325, babu ita a wadda aka faɗaɗa a Kustantiniya a 381. Ta fara bayyana ne a wata shaida da aka tsara a Sirmiyum, cikin ƙasar Sabiya ta yau, a 359. Wajajen 404 wani malami mai suna Rufinus ya rubuta cewa ikkilisiyar garinsu Akwiliya, a arewa maso gabashin Italiya, tana karanta ta, amma ta Roma da ta gabas ba sa karantawa, ya kuma ɗauka ma'anarta tana ƙunshe cikin kalmar “an binne shi”. Sai a ƙarni na 8 Shaidar Manzanni ta daidaita a siffar da aka san ta yanzu.

Sai dai makarar jimla ba makarar koyarwa ba ce. Ignatiyus na Antakiya, wanda aka kashe a farkon ƙarni na 2, ya rubuta cewa annabawa sun jira Almasihu, da ya zo kuma ya tashe su daga matattu. Melito na Sardis da Ireniyus na Liyon da Tatuliyan na Kartaj duk sun koyar da saukar kafin shekara ta 220. A ƙarni na 4 kuma ta zama makami a wata babbar gardama. Afolinariyus na Lawudikiya ya koyar cewa Almasihu bai ɗauki hankali irin na ɗan Adam ba, allahntakarsa ce ta maye gurbin. Masu ja da shi suka tambaya: idan jiki yana kabari, to me ya gangara wurin matattu in ba rai irin namu ba? An yi watsi da koyarwarsa a 381. A nan ne nake ganin ƙashin bayan maganar yake, wato Almasihu ya mutu cikakkiyar mutuwa irin ta mutane, rai ya rabu da jiki, ba suma ya yi ba, ba kuma kama da mutuwa ba.

Ƙofofin da aka ɓalle

Ikkilisiyoyin gabas, na Girka da Rasha da Masar da Habasha da Siriya, sun ɗauki saukar a matsayin farkon nasara. A wani tsohon coci da ake kira Kora a birnin Istanbul akwai zane a bango da aka yi wajajen 1320 wanda ya taƙaita koyarwar fiye da dogon wa'azi. Almasihu yana tsaye cikin fararen tufafi, ƙafafunsa a buɗe kamar mai jan abu mai nauyi. A ƙarƙashinsa ga ƙyamaren Hades a ɓalle, ga kwaɗuna da mabuɗai da ƙusoshi a warwatse cikin duhu, ga Shaiɗan a ɗaure. Da hannu ɗaya ya finciko Adamu daga kabarinsa, da ɗayan ya finciko Hawwa'u, kuma a wuyan hannu ya riƙe su, ba gaisawa suke yi ba. Su ba su da ƙarfin kama shi, shi ne ya kama su. A gefe ga Dauda da Sulemanu da Yahaya Mai Baftisma, a ɗaya gefen ga Habila da sandarsa ta kiwo. Waƙar Ista ta waɗannan ikkilisiyoyi tana cewa ya tattake mutuwa da mutuwa, ya ba waɗanda ke kaburbura rai. Kibɗawan Masar kuma sukan kwana a coci daren Jumma'a wayewar Asabar suna karanta littafin Wahayi daga farko har ƙarshe. Cikakken labarin ɓalle ƙofofin, da muhawarar Shaiɗan da Hades, daga wani rubutu ya fito da ake kira Linjilar Nikodimu, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ya kamata mai wa'azi ya san haka kafin ya ba da shi a kan bagade.

Ikkilisiyar Katolika ta yarda da nasarar amma ta shata mata iyaka. Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 ta tabbatar cewa ya sauka cikin rai, ya tashi cikin jiki. Katikisim ɗinta, wato littafin koyarwar bangaskiya, na 1992, sakin layi na 633, ya bayyana cewa bai sauka don ya 'yantar da waɗanda aka riga aka hukunta ba, ko don ya rushe gidan wuta, sai don ya fito da salihan da suka riga shi. Duk wanda ya leƙa cocin Katolika da rana a Asabar Mai Tsarki zai tarar da bagade babu mayafi, ba a yin Mas, wato sujadar Jibin Ubangiji, ana jiran dare a hura sabuwar wuta a ƙofar coci.

Luta da Kalbin sun raba hanya

Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 ba su yi baki ɗaya ba. Martin Luta, a wa'azin da ya yi a garin Togau na Jamus a 1533, ya ce a riƙe hoton nan mai sauƙi na Almasihu da tuta a hannu yana farfasa ƙofofi, a daina wahalar da kai kan yadda abin ya auku. Mabiyansa suka rubuta a yarjejeniyarsu ta 1577 cewa bayan binnewa Almasihu ɗungurungum, Allah da mutum, ya sauka ya ci Iblis da yaƙi. Jon Kalbin na Janiba kuwa ya ce jimlar tana nufin azabar ruhu da Almasihu ya sha a kan gicciye, lokacin da ya ɗauki fushin Allah a madadin masu zunubi har ya yi kuka yana tambayar dalilin da Allahnsa ya yashe shi. Katikisim na Haidelbag na 1563, a tambaya ta 44, ya bi wannan layi. An ƙalubalanci Kalbin da cewa Shaidar ta sa saukar bayan binnewa, ba kafin mutuwa ba, shi kuma ya amsa cewa an fara lissafa abin da ido ya gani ne sannan aka kawo abin da ke ɓoye. Ni dai amsar ba ta gamsar da ni ba: abin da ya faɗa game da gicciye yana da nauyi ƙwarai, amma ba shi magabatan da suka sa jimlar suke nufi ba.

Babban Katikisim na Wesminista na 1647, na mabiya Kalbin a Biritaniya, ya tsaya a kan mafi ƙarancin ma'ana, cewa ya zauna cikin halin matattu, ƙarƙashin ikon mutuwa, har rana ta uku. Ikkilisiyar Ingila a 1553 ta haɗa jimlar da wa'azi ga ruhohin da ke kurkuku, amma a 1563 ta share wannan bayani ta bar jimlar ita kaɗai. Jon Wesli, jagoran 'yan Metodis, ya tsallake wannan sashe gaba ɗaya a ƙa'idodin da ya aika wa 'yan Metodis na Amurka a 1784. Wannan rarrabuwa ta biyo mishan har ƙasarmu, shi ya sa ɗan Lutheran na Numan da ɗan Angilika na Wusasa da ɗan Katolika na Kafanchan za su iya furta jimla ɗaya kowa da abin da ya fahimta.

Koyarwar da ya kamata a yi hattara da ita

Akwai wata fahimta da ta bazu ta kaset da talabijin da littattafan wa'azi, wadda ake danganta asalinta ga Ba'amurke E. W. Kenyon, wanda ya rasu a 1948. Tana cewa jinin gicciye bai kammala fansa ba, Yesu ya mutu a ruhu, aljanu sun azabtar da shi kwana uku a gidan wuta, sannan aka sake haifarsa a can. Katolika da Otodoks (ikkilisiyoyin gabas) da Lutheran da mabiya Kalbin duk ba su yarda da wannan ba, kuma hujjarsu a fili take: kafin ya cika Yesu ya ce an gama, ya danƙa ruhunsa a hannun Uba, ya kuma yi wa ɓarawon nan alkawarin Firdausi a ranar. Wannan koyarwa ce ta fi sa mutane ƙyamar jimlar, kuma ita ce ake yawan jingina wa Kirista baki ɗaya a wajen muhawara.

Ga Musulmi tambayar ba ta ma taso ba, domin Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 da 158 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. A nan addinan biyu sun bambanta, kuma babu amfanin ɓoye bambancin. Amma zaman jira tsakanin mutuwa da tashin ƙiyama ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san barzahu, don haka adalci shi ne a fahimci cewa Kirista mai furta jimlar irin wannan zango yake nufi, ba jahannama ba.

Kakanninmu fa?

A nan ne batun yake fita daga littafi ya shiga gida. Mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga gare ta, a 1893 mutanenta uku na farko suka iso Legas. Ta SUM, uwar COCIN da wasu ikkilisiyoyi, a 1904 ta kafa zango a Wase. Ke nan iyalai da yawa na Kirista a arewa ba su wuce zuriya uku ko huɗu cikin bangaskiyar ba, kuma kowa yana da kakan da ya mutu bai taɓa jin sunan Yesu ba. Na taɓa zama a wani gidan makoki inda wata tsohuwa, bayan an idar da addu'a, ta juya wurin mai bishara ta ce, “Malam, mijina dai na san inda ya tafi. Babana fa, da ya rasu kafin Turawan mishan su hau dutsenmu?”

Kilimas na Iskandariya, wajajen shekara ta 200, ya ce Almasihu ya kai bishara ga salihan al'ummai ma a Hades, ba Yahudawa kaɗai ba, domin Allah ba ya tara. Agustin da Fafaroma Giregori Babba sun ƙi a buɗe ƙofar har haka. Majalisar Batikan ta biyu a 1964 ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto. Ikkilisiyoyin bishara sun fi riƙe Ibraniyawa 9:27, cewa sau ɗaya mutum yake mutuwa, bayan haka sai shari'a, suna kuma tsoron kada a koya wa masu rai cewa akwai damar tuba a kabari. Tsoron nan yana da tushe, kuma jimlar ba ta ba kowa izinin yanke wa wani mamaci hukunci ba, ko na tsira ko na hallaka. Abin da ta tabbatar ga mai bi shi ne ranar mutuwar mutum ba ta fi ƙarfin Almasihu ba, tun da Ibrahim da Dauda ma sun mutu ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi, kuma kusan duk ɓangarorin sun yarda ta wurinsa suka tsira. Haka kuma ga wanda yake kwana da tsoron fatalwa ko fushin matattu, koyarwar tana gaya masa a hannun wa mabuɗan wurin suke.

Mai bisharar nan bai ce wa tsohuwar babanta yana sama ba, bai kuma ce yana wuta ba. Ya buɗe Farawa 18:25, inda Ibrahim yake tambaya ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, sannan ya ce mata, “Mama, inda Baba ya tafi, Yesu ma ya je can.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa matan zumunta su ci gaba da waƙa.